Hanjin 'Yata a Waje

Tun da 'yata ta fara tafiya, rijiya nake tsoro. Rijiyar ƙauyenmu, yamma da Yekuwa, ba ta da murfi, igiya ta cinye bakinta ya yi santsi. In za ni ɗiban ruwa sai in ɗaure yarinyar a baya, mata suna dariya: "Ke, wannan ƙatuwar kike goyo? Ƙafarta har ƙasa!" Ba ta taɓa faɗawa ba. Ashe ruwan da nake jawowa in ba ta da hannuna, shi ne abin tsoron.

Bayan damina zazzaɓi ya kama ta, ya ƙi saki. Cikinta ya kumbura, ya yi tauri kamar ƙwarya. Babanta ya ɗaura wa sa amalanke muka kai ta Magarya, daga can aka tura mu asibitin birni. Aka ce ciwon ya huda hanji, sai an yi aiki.

Da aka fito da ita na ɗaga zane. A gefen cibiya ga wani jan nama a waje, yana motsi. Na kurma ihu. Wata tsohuwa mai jinyar jikanta a gadon kusa ta ce, "Rufa mana baki, 'yar nan. Namu ma ga shi. Ta nan za ta riƙa bayan gida, har a mayar."

Wani matashin lokotoro, wato likita, ya zo da waya a hannu. Ya ce bincike suke a kan yaran yankinmu, don masu irin wannan ciwon sun yi yawa. Ya nemi izini ya ɗauki hoton cikin, ban da fuska. Ruwan me take sha? Yaushe zazzaɓin ya fara? Duk na amsa. Sannan na yi tawa tambayar.

"Lokotoro, yaushe za a mayar?"

"In ta yi ƙiba, maman yarinya. Yanzu ɗinki ba zai riƙe ba."

In ta yi ƙiba! Muka dawo gida. Kokon da na ba ta, kafin in wanke ludayi ya fito ta gefe. Wake yana fitowa wake. Jakunkunan tare bayan gida da aka ba mu a asibiti sun ƙare, na koma leda da tsumma. Fatar wurin ta saluɓe, ina shafa man kaɗanya tana cije leɓe.

Uwar mijina ta ware mata kwano. Na ce, "Inna, ai ba a ɗauka." Ta ce, "Na sani. Amma ki bar mutane su ci tuwo da daɗin rai." Yaran gidan kuwa sun sa mata waƙa. Ta daina fita, tana zama bayan rumbu, hannu a gefen ciki.

Bayan girbi muka koma asibiti. Aka ɗora ta a kilo, aka ce ba ta kai ba. Muka sake komawa, ta ma ragu. Matashin nan ban ƙara ganinsa ba, an ce ya gama karatu. A hanyar dawowa ta tambaye ni, "Mama, ni ce ban ci da yawa ba?"

Ban yi nisa a karatun lakwal ba, ban san inda hoton ya tafi ba. Amma in kana cikin masu ilimin da suka gan shi, don Allah ka aiko a faɗa mini abin da zan ba ta ta ci ya zauna. Gero gare mu, da wake, da gyaɗa, sai akuya ɗaya mai nono.