Hayaƙin da Na Shaƙa Tun Ina Cikin Inna

Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba. Masu turo saƙo, ku yafe ni, ga dalili.

Da tari ya fara. Na sha zuma da citta, na ci gaba da koyarwa a makarantarmu ta Fadaman Mada. Ranar nan ina tsaka da darasi numfashi ya gagare ni. Malama Rifkatu, abokiyar aikina, ta tare Keke Napep, sai asibiti.

Kwana tara ina kwance, robar iska a hanci. Hoton ƙirji, gwajin majina, hura bututu har jiri ya ɗebe ni. Ba tibi ba ne, asma ce mai tsanani. Albashina duk ya tafi a magani.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Likita ya tambaya ko maigidana na shan taba. A'a. Ya ce, "Mahaifiyarki fa, me take yi sa'ad da take da cikinki?"

Na gaya wa likita: masa take soyawa a Gwallaga, har gobe. Ɗaki ba taga, ɗanyen itace, da leda ake hura wutar.

Ya ce, "Hayaƙin da uwa ta shaƙa kan bar tabo a jikin ɗan da ke ciki. Ba ya sauya halittar da kika gada, sai dai yadda jiki ke aiki da ita. Ana zaton yakan kai ga jikoki. Ba zan rantse shi kaɗai ba ne."

Inna na zaune a bakin gado. Ta sunkuyar da kai.

"Ke nan ni na cuce ki, Maimuna?"

Na ce, "Inna, masar nan ce ta kai ni makaranta. Ba ki sani ba. Yanzu mun sani."

Ana sallamata na sa aka fasa taga, aka fitar da tanda tsakar gida, aka kafa ta a kan gas. Ƙanwata Zainab na da ciki wata huɗu, na hana ta zaman soya. Inna na mitar masar gas ba ta ƙamshi, amma ta haƙura.

Alhamdulillah, na koma aji, maganin shaƙa a jakata. Malama Rifkatu, ma'aikatan jinya, Allah Ya saka da alheri.

Tarin da ya wuce mako biyu, a je asibiti. Kada a hura wuta da leda. Mai ciki kuwa, ku janye ta daga hayaƙi ko da za ta yi fushi. Mutum biyu ne ke shaƙa.