Zobban Goggo Labule

Ƙanwar babana labule take ɗinkawa, shi kaɗai. Ko maɓalli ka kawo ta sa maka a riga, telan da ke tsallaken titi za ta nuna maka. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan sana'a, har sunan ya bi ta. Mu yaran gida muka fara ce mata Goggo Labule, yanzu kuwa har tsofaffin unguwa haka suke kiranta.

Shagonta ɗaki ne a gaban gidanmu mai ƙofa ta titi. Baba ne ya ba ta shi bayan rasuwar mijinta. A ciki akwai keken ɗinki biyu, da dogon teburin yanka, da tsani mai hawa shida, da kwalaye cike da zobba da ƙugiyoyi. Ni a ɗakin karatu nake aiki, amma in na taso, can nake fara leƙawa, domin Goggo tana magana ne ba tare da jiran amsa ba, ni kuma irin wannan hirar ce ta fi min daɗi. Malama Shiru take kirana.

Tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: ba ta karɓar awo daga bakin mutum. In ka kira ta a waya ka ce tagarka tsawonta kaza faɗinta kaza, sai ta ce, "To, sannu da ƙoƙari. Yaushe zan zo in gani?" In ta je kuma ba awo kaɗai take yi ba. Wa yake kwana a ɗakin? Ta ina rana take shigowa? Akwai yara masu lilo da labule? Maigidan yana barcin rana? Wasu har haushi suke ji. Ita kuwa ko a jikinta. "Kai ka san tagarka," in ji ta, "ni na san labule."

Abin da ya daɗe yana cin ta shi ne ciwon ɓarin kai. Yakan fara da walƙiya-walƙiya a gefen idonta na hagu. Kafin rabin awa, rabin kan ya ɗauka kamar ana buga guduma a ciki, zuciya ta yi ta tashi, haske ya zama abokin gaba, ko ƙarar cokali ba ta so. Labulen ɗakinta ninki uku ne, baƙi a tsakiya. Takan ce ciwon ne ya koya mata sana'a. Ƙwayoyin da ta sha kuwa, da a buhu aka tara su da an nemi mai ɗauka.

Wata safiya tana kan tsani a gidan wasu, walƙiyar ta zo mata. Ta kuskure matakala ta faɗo. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ta yi a wuyan hannu, amma hankalin Baba ya tashi ƙwarai. Tsohon direban babbar mota ne, ya ga abin da kuskuren daƙiƙa ɗaya yake jawowa.

"Ki ba ni makullin shagon nan," in ji shi. "Abincin da za ki ci bai gagare ni ba."

"Yaya, ni kaza ce da za a zuba min hatsi in zauna?"

"Kazar ma ba ta hawa tsani da ido ɗaya."

Aka yi ta ja. A ƙarshe ya ce a nemi magani na gaskiya, in ciwon bai ragu ba, shago ya rufu, ba kuma zai sake maimaitawa ba. Daga ranar, kullum da yamma sai ya leƙo ya ce, "Yau fa, kan?" Ita kuma ta ce, "Garau." Ko da ta ɗaure shi tamau da ɗankwali, ido ɗaya a kanne, garau ne.

Wata mai kawo mata ɗinki ce ta ba ta labarin allura. Ta ce akwai wani gidan gyaran jiki inda ake yi wa mata allura a goshi don fata ta miƙe, kuma an ce maganin nan ɗaya ne da wanda ake yi wa masu ciwon ɓarin kai. Na duba, na ga da gaskiya a maganar. Baba ya kai mu a mota, ya ce shi a waje zai jira.

Wurin fes yake, fitilu farare kamar tsakar rana, ƙamshin turare har cikin maƙogwaro. Goggo ta toshe hanci da mayafi, ta ɗaga kai ta dubi tagoginsu, ta raɗa min, "Wannan labulen ya gaza da taƙi guda. A waya aka ba da awonsa."

Wata mace mai fara'a cikin farar riga ta tarbe mu. "Sannu da zuwa, Mama! Wuri nawa kike so? Goshi kawai, ko har gefen ido? Minti goma mun gama."

"Ciwon kai ne ya kawo ni, 'yar nan."

"Ai ba matsala, muna yi. Ki nuna min inda yake miki ciwo in sa miki a nan. Ga riba biyu, kai ya huta, fuska ta koma ta budurwa."

"Ba za ki tambaye ni yaushe ya fara ba? Ko me nake sha?"

"Mama, ai ke kika san kanki."

Goggo ta ɗauki jakarta, ta yi godiya har da addu'a, muka fito. Sai da muka shiga mota ta saki abin da ke bakinta. "Ni zan ba ta awo, ita ta yanka? A kaina? Yarinyar kirki ce, kuma ƙila ta iya goshi. Amma ni ba goshi na kawo ba."

"An ce za a yi miki allura yanzu-yanzu kin ƙi," in ji Baba. "Ke dai ba a iya miki."

Likitan ƙaramin asibitin unguwarmu ne ya rubuta mana takarda zuwa wajen likitar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Da Baba ya ji an ambaci ƙwaƙwalwa sai ya ɓata rai, ya ce ƙanwarsa da hankalinta. Na yi masa bayani a hankali cewa su ne masu duba irin wannan ciwon kan. Goggo ta ce, "Bar shi, Malama Shiru. Yau ne karo na farko da ya shaide ni da hankali."

Likitar ba ta da yawan fara'a. Gajeruwa ce mai tabarau, ofishinta ɗan ƙarami, fitilarsa a rage. Ta fi minti arba'in tana tambaya. Yaushe ya fara? Wane ɓari? Me take gani kafin ya zo? Mahaifiyarta ta yi irinsa? Waɗanne magunguna ta gwada, wanne ya sa ta jiri, wanne ya sa ta barci a kan keke? Ƙwayar rage zafi nawa take sha a mako? Sannan ta haska idonta, ta ƙwanƙwasa gwiwarta, ta danna wuyanta da kafaɗu, ta sa ta tafiya a kan layi ɗaya. Ina kallon Goggo, tana ta gyara zama kamar wadda ta haɗu da 'yar garinsu a tasha.

"Ni ma ina da tambaya, likita. Kai nawa kika taɓa yi wa allurar nan?"

"Duk mako ina yi wa mutum biyar ko shida."

"Akwai waɗanda bai yi musu aiki ba?"

"Akwai, Mama. Ba kowa yake karɓa ba."

Goggo ta juyo ta kalli Baba. "Ka ji ko? Duk telan da ya ce min bai taɓa ɓata yadi ba, ba na ba shi nawa."

Likita ta ce ba za ta yi komai ba sai ta san kwana nawa ciwon yake zuwa a wata. A je a ƙirga, a dawo. A hanya Baba ya yi ta mita, wai duk wannan surutu ko ƙwaya ɗaya ba a ba mu ba. Goggo ta ce, "Awo take yi, Yaya. Ba ka san aiki ba."

Ita ba mai son biro da takarda ba ce, don haka ta ɗaura igiya a ƙusa a bangon shago. Duk ranar da ciwon ya kwantar da ita, sai ta zura zoben labule ɗaya. Baba yakan leƙo ya ƙirga da ido ya wuce. Wata ya cika da zobba shida. Na san lissafin bai cika ba, don na ga ranakun ɗankwali da kannen ido, amma na ja bakina na yi shiru.

Ranar komawa Baba ya ce wannan karon ma da shi za a shiga. Goggo ta ajiye igiyar a kan teburin likita, zobba suka yi ƙara. Likita ta yi murmushi, karo na farko da muka ga haƙoranta, ta ƙirga.

"Shida. To, Mama, in haka ne wannan allurar ba taki ba ce. Ana yin ta ne ga wanda ciwon yake kama shi kwana goma sha biyar ko fiye a wata. Sai mu sake gwada ƙwaya."

"Wadda take sa ni barci a kan keke?"

"Ko 'yar'uwarta."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe abin da sauƙi."

Goggo ta dubi likita, ta dubi yayanta, ta daɗe tana murza hannun jakarta. In ta yi shiru, ta koma gidan jiya da ciwonta. In ta faɗi gaskiya, ta miƙa wa Baba hujjar rufe shago da hannunta. Can sai ta buɗe jakar, ta zaro wata igiya daga ƙasan kaya, ta ajiye kusa da ta farko.

"Waccan ta Yaya ce," in ji ta. "Wannan tawa ce. Ranakun da na yi aiki da shi a kaina."

Likita ta ƙirga. Goma sha uku.

"Goma sha tara ke nan!" in ji Baba. "Kwana goma sha tara, kina ce min garau?"

"Da na faɗa maka, da ka sa kwaɗo."

"Da na sa mana!"

"To ka gani."

Likita ta bar su suka ɗan huce, sannan ta ce, "Baba, rufe shago ba zai rage ko zobe ɗaya ba. A ba ni zagaye biyu na allurar nan, wata shida. Ke kuma, Mama, ranar da kika ga walƙiya ba ke ba tsani, kuma ƙwayar rage zafin nan za mu rage ta, don yawanta ma yana kiran ciwon. Sannan igiya ɗaya nake so, ba biyu ba."

Baba ya yarda, amma da sharaɗi: igiyar a falo za a rataye ta, inda kowa zai gani.

Mako na gaba aka yi allurar. Wuri talatin da ɗaya, a goshi, da gefen kai, da ƙeya, da wuya, da kafaɗu, da wata allura siririya kamar gashi. Likita tana auna kowane wuri da yatsunta kafin ta soka. Goggo tana ƙirgawa da ƙarfi, tana yaba tazara. Baba kuwa, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota a kan tudu da gangare, a ta huɗu ya ce ya tuna bai kulle mota ba. Bai dawo ba sai da aka gama.

Ba kamar yankan wuƙa abin ya zo ba. Watan farko zobba goma sha shida suka taru a falo, Baba yana wucewa yana gyaran murya. Goggo ta rame da fargaba, amma ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Wata na uku suka zama goma sha biyu. Bayan zagaye na biyu, tara, sannan bakwai. Ciwon bai tafi ba har yau, ya dai koyi yin sallama da wuri. Girarta ta hagu ma ta ɗan ɗaga na 'yan makonni, ta yi ta kallon mutane kamar ba ta yarda da abin da suke faɗa ba, ta ce ai dama ba ta yarda ba.

Ranar da wata shida ya cika, Asabar ce, ina shagon muna hira. Baba ya shigo da hannuwa a baya. Goggo ta tsayar da keke.

"Makulli ka zo karɓa?"

Ya zagaya teburin yanka, ya ɗaga kai yana duban rufi, ya nuna wata kusurwa da ta yi tabo.

"Nan yana yoyo. Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Shi ma garau ne, ko? Jibi zan kawo kafinta ya canza kwanon, kafin ruwa ya lalata miki yadin mutane."

Goggo ta sunkuyar da kai tana gyara zare a allura, ta daɗe tana gyarawa. Sannan ta taka keke.

"Ka ce masa ya zo da sassafe, Yaya. Da rana ina da awo gida biyu."