Ranar da Hajo ta tare ƙofa

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Hajo. Ni ne mai ciwo, amma ita ta riga ni. Haka Allah ya so.

Ciwona yakan fara kamar mura. Sai ƙafafu da hannuwa su kumbura kamar salka, fitsari ya ɗauke, ƙishirwa ta kama ni, in na miƙe in faɗi. A garinmu Korgom an san maganin kumburi tun kaka da kakanni: a hana mutum ruwa, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Karon farko haka aka yi mani. Da ƙyar na sha.

Karo na biyu yayana Idi ya sake zuwa da wanzami. Hajo ta tare ƙofa.

"Yaya, mutumin da leɓensa ya tsage don ƙishi, shi za a zuƙe wa jini? A ɗaura amalanke."

"Ke likita ce?"

"A'a. Ni ce dai zan yi takaba."

Aka ɗaura amalanke. Daga asibitin Tasawa aka tura mu Maraɗi, daga Maraɗi sai Yamai. A can wani likita ya ce ƙananan jijiyoyin jinina ne ke yoyo kamar tsohuwar randa. Ruwa ya tsere cikin nama, jini ya yi kauri. Jiki cike da ruwa, jijiya a bushe. Ƙarin ruwan ma sai da lura, don in ya komo gaba ɗaya yana iya cika huhu. Ya ce ciwon bai da yawa a duniya. Akwai magani da ake sakawa ta jijiya duk wata, wani lokaci a samu, wani lokaci babu.

Daga nan ko atishawa na yi, Hajo ta aje taɓarya, sai asibiti. Rigakafi ya fi magani, in ji ta.

Yau ga babura, ga waya a kowane aljihu. Da tana nan cewa za ta yi sauri ya ƙaru, kunnen ƙashi bai ragu ba.

Daminar bara murar ta dawo. Na kwanta, na ce a raina tawa ta ƙare, mai tare ƙofa ba ta nan. Sai ga Idi, da furfurarsa, ya jawo mai babur har bakin ɗaki.

"Tashi, Tasawa muka nufa. Ba zan haɗu da matar nan gobe kiyama ba ni da amsa ba."

Ba ta bar gona ba, ba ta bar saniya ba. Ta bar gidan da ba a hana mai kumburi ruwa. Allah ya jiƙan Hajo.