Jar Saniya a Cikin Wayata

A ƙauyenmu, kusa da Tafoki, waya ba ta kama sabis sai an hau dutsen bayan gari. Ni kuma ina da wata jaraba da matata ke kira aikin banza: kallon zane-zanen da gidajen tarihin ƙasashen waje suke sawa a intanet. Da na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in hau, in buɗe zane, in ja shi da yatsu biyu har in ga sawun burushi. Wanda ya burge ni in ajiye.

A shekarun nan kuwa, duk wanda ake yawan gani bisa dutse da waya, zargi ɗaya ake masa: yana kai wa 'yan bindiga rahoto. Na san abin da ake yi wa irinsu, amma na ɗauka malanta za ta kare ni.

Wata la'asar ina saukowa 'yan sa-kai uku suka tare ni. Babbansu dattijo ne da ɓarayin daji suka kore wa garke kaf da damina. Ya karɓi wayar, yana wuce hotuna, sai ya tsaya kan wani zane na shanu a bakin rafi cikin kurmi.

"Malam, shanun wa ne waɗanga? Wane daji ne?"

"Baba, zane ne. Da fenti aka yi, mai shi ya daɗe da mutuwa."

"Zane?" in ji shi. "Ni za ka maida yaro?"

Ɗaya daga cikinsu ya gyara riƙon bindiga. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ja hoton don in nuna musu fenti, sai ya dushe, don wanda na ajiye ƙarami ne. Na roƙe su mu koma sama.

Suka sa ni gaba muka hau. Na buɗe shafin, alamar jira tana ta juyawa, ni ina ta salati a zuci. Na tuna ban ko yi wa matata sallama ba. Can zanen ya fito. Na ja shi da yatsu, har gashin wata jar saniya ya zama layi-layin burushi, ga tsagar tsohon fenti kamar busasshen taɓo.

Dattijon ya duba ya sake dubawa. Ya ce in maida ita yadda take. Na mayar.

"Haka tawa take," ya ce a hankali. "Har farin goshin."

Ya miƙo mini wayar, ya ce in sauka, kada ya ƙara ganina a nan.

Ban ƙara hawa ba, kuma na goge komai a ranar. Bayan sallar Juma'a sai ga dattijon nan ya tare ni. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, nuna man jar nan."