Turmin Gwaggo Dela, Wanda Aka Daka Babu Hatsi

Shekara ashirin da shida ke nan da aka fita da Gwaggo Dela, ƙanwar babana, daga gidanta na gindin duwatsu a bayan unguwar Birni, a Zinder. Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko akuya ba. Da aka zo rabon kayan ɗakinta, 'ya'yanta suka kwashe tasoshi da zannuwa, aka bar turmi a tsakar gida kowa na kewaye shi kamar rijiyar da ba murfi. Ni na ɗauka. Yana nan bayan ƙofata har yau, kuma tun da ya shigo gidana ban zuba masa ko ƙwayar gero ba. Jikokina ba sa wasa kusa da shi. Ban taɓa hana su ba, su suka hana kansu.

Ni ba marubuciya ba ce. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna gaban allo da furfura a kaina. Wanda ke neman magana mai kwalliya ya juya shafi. Abin da na gani zan faɗa, da wanda na ji ban gani ba.

Shekarar da fari ya kore mu daga ƙauyenmu na wajen Tirmini, ina ɗauke da cikin wannan 'yar. Muka zo Zinder da mijina Idi, muka kafa bukkar zana kusa da gidan Gwaggo, wadda ta daɗe a gari tana dakau tun rasuwar mijinta. Kafin wata ya zagayo wurin ya cika da bukkoki, mutanen Takaya, mutanen Mirriya, da waɗanda ban taɓa jin sunan garinsu ba. Yaran yanzu suna tambayata yadda yunwa take. Ina ce musu shiru ce. Ba carar zakara, ba kukan jaki, an ci wasu an sayar da wasu. Ba a jin daka. Ɗan hatsin taimakon da kamiyo, babbar motar kaya, ke kawowa, in ya zo, bai kai a sa shi a turmi ba, dafa shi ake yi yadda yake. Garin da ba a jin daka da hantsi, ai maƙabarta ce da ba a gama cikawa ba.

A cikin wannan shirun, ƙara ɗaya ce ba ta ɗauke ba. Zana ba ta ɓoye sirri. Namiji ya wuni a layi ya dawo hannu biyu, matarsa ta tambaya, sai mu ji. Mu ji marin, mu ji faɗuwar, mu ji tana toshe bakinta da zani don kada a ce ta tona asirin aure. Mu sunkuyar da kai mu ce harshe da haƙori ma ana saɓawa. Har yau akwai masu ce mini yunwa ce ta jawo. Yunwa ba ta da hannu. Hannu na mutum ne. Mu ma matan yunwar muke ji, ba mu karya haƙarƙarin kowa ba.

Akwai wata yarinya Tsahara, bukkarta ce ta ƙarshe wajen gabas, jikin wani babban dutse. Mun sha jin ta. Wata rana da azahar muka ji ta, muka ji ta, sannan muka daina jin ta. Aka ce yunwa ce, aka ce kwana ne ya ƙare. Gwaggo ce ta yi mata wanka. Da ta dawo ta zauna bakin ƙofa tana kallon tafin hannunta har inuwa ta juya. Da na matsa mata, sai ta ce, "Rabi, yunwa ba ta barin shatin yatsu a wuya." Ta ƙara da cewa, "Mijinta ya shaƙe, mu muka riƙe masa ƙafafunta."

Ba a jima ba tawa ta zo. Idi ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya don in gyara shi ba. Rana tsaka, ya dawo daga layi, na ce an samu? Shi ke nan laifina. Ina ƙasa, na dunƙule na kare cikina da gwiwoyi, ƙafarsa tana neman wurin shiga. Sai muka ji. Gum. Gum. Gum.

Duk wadda ta tashi a ƙasar Damagaram ta san ba a dakan turmi babu komai a ciki. Kakanninmu sun ce kiran yunwa ne. Kuma ƙararsa daban ce, ba ta da laushin nan na hatsi, icce ne ke bugun icce, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa. Amma mai jin yunwa ba ya tantance wannan. Unguwa duka ta taso. Yara da ƙoƙuna, tsofaffi da sanduna, maza suna gyara hula. Idi da kansa ya tsaya, ƙafa a sama, yana saurare.

Da jama'a ta cika, Gwaggo ta kwantar da turmin kowa ya ga cikinsa. Ta ɗaga taɓarya ta nuna bukkarmu. "Hatsi kuka zo gani? Babu. Ga abin da ake daka a unguwar nan. Idi! Fito mana, jama'a sun zo yi maka sannu da aiki."

Wani dattijo ya ce, "Haba Dela, yunwa kike kira mana?"

Ta ce, "Malam, wadda zan kira tana zaune a cinyarka tun bara."

Idi ya fito, ya ga idanu, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Gwaggo ta shiga ta ɗago ni, ta bi da ni ta tsakiyar mutane ba ta rufe mini fuska ba. Daga baya ta gaya mini abin da ya hana ta barci: ba zagin dattijai ba, yaran nan ne da suka rugo da ƙoƙuna suka koma da su wayam. Ta ce wannan alhakin za ta ɗauka, amma ya fi mata sauƙi a kan ta sake wanke wata Tsahara.

Daga nan abin ya zama doka, ba tare da an yi taro ba. Wadda ake duka ba ita ke daka ba, ina ta ga hannu? Wadda ta ji ita ke daka. Ta kusa da ita ta amsa, ta gaba ta karɓa, har ƙarar ta kewaye bukkar da abin ke faruwa. Yara suka gane ba abinci ba ne, suka daina rugowa. Maza kuwa suka gane sarai. Kuma Gwaggo ba ta tsaya ga daka ba. Ɗakinta ya zama mafaka, akwai daren da muka kwana kamar an jera itace. Da safe ta kai mai rauni wajen likita, ta tsaya sai an duba. Daga nan gidan mai unguwa, a kira miji da liman. Ba ta taɓa buɗe baki da "yi haƙuri" ba. Tambayarta ɗaya ce: "Ke me kike so?" Wasu suka koma bisa sharaɗi a gaban shaidu, wasu ba su koma ba. Ni na koma. Ya sake bayan na haihu, na goya 'yata na fita, fitar ke nan.

Yanzu ga wanda na ji ban gani ba. Wata rana muna layin hatsi ni da Gwaggo da yawancin matan unguwa, rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Sai ga ƙarar daga gabas. Gum. Gum. Taɓarya ɗaya, a hankali, kamar ta wadda ba ta da ƙarfi. Muka bar layi muka ruga. Ƙarar ta kai mu har jikin babban dutsen nan, ta ɗauke. Bukkar Tsahara ta daɗe da rushewa, ba kowa, ba turmi, ba sawu a yashi. Amma a bukkar da ke kusa muka tarar da wata baƙuwa da ba ta yi kwana nawa da zuwa ba, mijinta na durƙushe a ƙirjinta. Ta rayu. Muka bi gida gida muna tambaya, ba wadda ta ce ita ta daka. Na ce, "Gwaggo, to wa?" Ta ce, "Wadda ta fi mu sanin ƙarar." Ba ta sake maganar ba har ta mutu.

Masu ilimi sun gaya mini duwatsun Zinder suna mayar da amo. Na yarda. Sai dai amo ba ya fara magana, amsawa yake yi.

Da Gwaggo za ta leƙo yau, akwai abin da zai sa ta guɗa. Akwai biro, wato ofis, na kula da mata da yara. Akwai ƙungiyoyin da ke da ɗakin saukar wadda ta gudo, da masu sauraronta, da masu raka ta gaban alƙali ba a karɓi ko tamma ba. Likita na rubuta takardar shaidar rauni. A kwamisariya, ofishin 'yan sanda, za ki iya tarar da mace 'yar'uwarki a kan kujera. Akwai lambar da ake kira kyauta, rediyo na faɗarta. Akwai malaman da ke hawa mumbari su ce dukan mace ba jarumta ba ce. Ni kaina, tun da na iya karatu, ina cikin masu rakiya, kuma na ga aikin yaran nan, ba na raina shi. Abin da Gwaggo ta yi da ƙafa da baki, yau yana da rufi da hatimi.

Amma na san tambayar da za ta yi, tana karkace baki: "To wa ke ji?" Zana ta tafi, bangon siminti ya zo, da ƙofar ƙarfe. Injin niƙa ya kashe turmi. Duk waɗannan ƙofofin taimako suna jiran wadda ake duka ta tashi ta zo da ƙafarta, ko ta kira da wayarta. Wayar kuwa tana aljihun wa? An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma in rufin ya danne shi, maƙwabci ne ke ɗagawa.

Bana damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, fuskokin maza a kasuwa sun fara kama da waɗanda na sani. Bayan katangata akwai wata yarinya Nana, mijinta ma'aikaci ne, mai gaisuwa har ƙasa. Na lura duk ranar da ya ƙure ƙarar talabijin da rana tsaka, Nana ba ta fitowa sai bayan kwanaki, da mayafi har hanci. Na kira lambar. Masu biro suka zo, Allah ya saka musu. Ta tsaya bakin ƙofa, shi yana bayanta, ta ce lafiya lau, faɗuwa ta yi. Me za su yi? Suka bar mata magana mai daɗi suka tafi. Da muka haɗu wajen famfo na ce, "'Yata, ke me kike so?" Ta dube ni ta ce, "Inna, so nake wani ya gani ba ni na faɗa ba."

Ranar da talabijin ya sake tashi, a ƙarƙashin kiɗan na ji wani sauti da na sani tun ina yarinya, na wadda numfashi ke ƙwace mata. Na sake kiran lambar, suka ce suna tafe. Amma na san tsawon hanya, na kuma san tsawon numfashi. Na jawo turmin Gwaggo zuwa bakin titi. Hannuwana sun tsufa, taɓaryar ta yi mini nauyi. Na ɗaga na saki. Gum. Titi wayam, ƙofofi a rufe, rana kamar wuta. Na sake. Na ce a raina, Rabi, wa ya rage da ya san ma'anar wannan? Haukar tsohuwa za a ce.

Sai aka amsa. Daga gabas, wajen duwatsu, inda yanzu shaguna ne da masu gyaran babur. Taɓarya ɗaya, a hankali.

Ban tsaya ba. Wata ƙofa ta buɗe, maƙwabciyata ta leƙo, ta dubi turmin, ta dubi inda nake kallo, ta koma ta fito da tukunya da ludayi. Wata ta kama bugun ƙofarta da dutse. Maza suka fito suna tambayar lafiya. Na nuna ƙofar ƙarfen gidan Nana da taɓarya. Talabijin ya mutu. Da mijin ya buɗe ya ga unguwa a tsaye, sai na ga hannuwansa kamar na Idi, suna neman wurin ɓuya.

Nana ta fito tana dafa bango, wuyanta a buɗe, kowa ya gani. Masu biro suka iso ana cikin haka, wannan karon ba su rasa shaidu ba. Na raka ta wajen likita, ta kwana a ɗakin ƙungiya, yanzu tana gidan iyayenta a Mirriya, magana tana gaban alƙali. Ban san yadda za ta ƙare ba. Na dai san ba a kira ni wankanta ba.

Na je wajen shagunan nan na tambaya. Suka yi mini dariya. "Hajiya, turmi? A nan? Sai dai guduma." Wataƙila guduma ce. Ban ƙara bincike ba.

Me ya rage na Gwaggo Dela? Kabarinta ya baje, ba ta da hoto, ba a sa wa ko lungu sunanta ba. Akwai 'yata, da 'ya'yan 'yata. Akwai Nana. Akwai turmin da gindinsa ya tsage, ba don hatsi ba. Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya jiƙan Tsahara, ya sa kun huta, in kun huta.

Ke kuma mai karanta wannan, ki riƙe lambar, ki san hanyar biro, ki san ƙofar likita. Amma ranar da kika ji ta bayan katanga, kada ki jira ta kira. Ki kira mata, sannan ki fito ki buga duk abin da hannunki ya samu. Za a amsa miki. Ban ce na san wa ba.