Hoton Eufrasia Mai Faci

Duk direban da ya saba bin hanyar garin Pátzcuaro ya san Eufrasia mai faci. Gajeriya ce kakkaura, kullum da malafa da wandon da baƙin mai ya rine. Ni da nake sayar da abinci a gefen rumfarta ban taɓa ganin tayar da ta gagare ta ba, kuma direban da ya kawo mata raini bai sake ba.

Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta datse gashinta da almakashin askin tumaki, ta zura wandon yayanta. Uwarta ta ce, "Ƙuruciya ce, za ta wuce." Da Eufrasia ta kama ɗaki ita da masoyiyarta Nemesia, nan ma aka ce za ta wuce. Tsohuwa ta mutu tana jira. Su biyun kuwa suna tare har furfura, dangi na gaishe su daga bakin ƙofa, ba sa shiga.

Bara ciwon zuciya ya ɗauke Eufrasia. A 'yan watannin nan kuma Yaretzi, jikar ƙaninta, ta yi aski, ta daina sa siket, ta faɗa wa uwarta Ofelia baki da baki cewa ita samari ba sa gabanta. Ofelia ta yi dariya ta ce ƙuruciya ce. Tun daga nan yarinyar ta rage magana, abin har tausayi yake ba ni.

Da Ranar Matattu ta zo, ranar da mamata ke leƙo gida su ga nasu, Ofelia ta shirya tebur da kyandir da furanni da burodi da hoton kowane mamaci. Na Eufrasia sai ta zaɓi na bikin cikarta shekara goma sha biyar, rana ɗaya tilo da aka cusa ta cikin doguwar riga, aka rufe askin da furanni. Da na shiga na gani, raina ya ɓaci, don ko ni ban gane ta ba.

Nemesia ta shigo tana dogara sanda, ta daɗe tana duban teburin.

"Ofelia, wace ce wannan?"

"Haba Mama Nemesia, Gwaggo ce mana. A nan ta fi kyau."

"To wallahi in ta zo yau wucewa za ta yi. Cewa za ta yi ba gidansu ba ne."

Ta ciro wani hoto daga jakarta: Eufrasia zaune a kan tayar babbar mota, malafa a karkace, baki har kunne.

"Kai, Mama, mutane fa za su shigo," in ji Ofelia. "A bar wancan ɗin, ya fi mutunci."

Yaretzi na tsaye jikin bango. Ta dubi uwarta ta ce, "Mama, ni in na riga ki tafiya, wane hoton za ki sa?"

Ofelia ta juyo za ta yi faɗa. Ta dubi 'yarta tun daga askin har takalmi, kamar yau ta fara ganinta. Sannan ta karɓi hoton daga hannun Nemesia, ta goge shi da bakin rigarta, ta jingina shi gaban kyandir.

"Je ki rumfa ki ɗauko malafar Gwaggo," ta ce, hawaye na zuba. "Kada ta zo ta tarar babu."