Igiyar Shanyar Eulogia

Eulogia Rentería mai wanki ce a San Roque, ƙauyenmu na bakin kogin Atrato. Tun tana budurwa take wanke wa sistocin mishan zannuwan gado da mayafan coci, a zamanin da ƙararrawa ce ke tashin gari, kogi kuma ba ya kawo komai sai gungumen katako da jiragen ayaba. Ba ta shiga aji ba, amma duk addu'ar da aka koya mana ta haddace ta ta taga, tana matse wanki. Sistoci suka tafi, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse birni. Ita kuwa tana nan kan dutsen wankinta, 'yar gajeruwa, da taba a baki, ta juya wutar ciki don kada ruwa ya kashe ta.

Da masu bindiga suka mamaye yankin, sai kogi ya fara kawo mutane. Gawa takan zo a kife, a kumbure, wani lokaci har da ungulu a gadon bayanta. Dokar masu bindigar ɗaya ce: wanda suka jefa a ruwa, na ruwa ne. Don haka kowane gida ya ajiye doguwar gora a mashayar kogi. Gawa ta maƙale a bakin gaɓa, sai a tura ta tsakiyar kogi, a kau da kai, ta zama matsalar ƙauyen gaba.

Wata safiya gawar wani saurayi ta maƙale a saiwar itace dab da dutsen Eulogia. Takalmi ƙafa ɗaya ya rage masa, da ɗan gicciye a wuya. Ta ɗauki gora kamar kowa, ta tsaya tana dubansa, sannan ta yar da ita. Ta kwance igiyar shanyarta ta ɗaura masa a ƙirji, ta jawo shi tudu.

Nicanor masunci yana gyaran koma a kwalekwalensa. Ita ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre da compadre, kuma ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba.

"Comadre, wanki ne ya yi miki kaɗan har kika koma kamun kifi? Wannan ba ya ciyuwa fa. Sake shi ya wuce!"

"Rufe min baki, compadre matsoraci. Wata ce ta haife shi, ta kai shi aka yi masa baftisma. Kawo shebur."

Bai kawo ba. Ita ta haƙa kabarin a bayan coci, ta naɗe yaron da zanen gadonta. Fada, limamin coci, ba ya zuwa sai jifa-jifa, don haka ita ta yi masa addu'a. Ta ba shi sunan waliyin ranar, kamar yadda ake yi wa jarirai a da, ta rataye takalmin a jikin gicciyen kabarin ko wani nasa zai zo ya gane.

Haka ta ci gaba. Gicciye suka yi layi a bayan coci, wannan da bel, wancan da tsumman riga. Labari ya haura kogi, mata suka fara sauka daga jirgi a ɓoye suna bin layin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta gane kayan ɗanta sai ta zube. Eulogia takan bar ta ta yi kukanta, sannan ta kai ta gida ta soya mata ayaba da kifi.

Wannan ne ya kawo Kwamandan masu bindiga. Ya sauka ranar Lahadi da mutanensa, ana fitowa daga addu'a, ya tara gari a mashaya. Yaro ne matashi mai haƙorin zinare.

"Ke ce tsohuwar da ke satar min mutane?"

"Ɗana, ban san naka ba ne. Ba ka rubuta sunanka a jikinsu ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta da sauri.

"Kaka, ba wasa ya kawo ni ba. Daga yau duk wanda ya taɓa gawa a kogin nan, zai bi ta. Kuma ke, in na jefa ki, na ga wanda zai tsamo ki."

Ta cire tabar daga baki ta tofar da yawu gefe.

"Ubangijina ma hukuma ce ta kashe shi, amma sai da aka sami mai ƙarfin halin da ya roƙi gawarsa ya binne. Ni ba zan roƙe ka ba. Kai ma in ruwa ya kawo ka, zan wanke ka in binne, ba zan tura ka da gora ba."

Ya ce to, za a gani. Suka zauna a rumfar mashaya, suka sa aka dafa musu kaji. Sun san abin da suka jefa a kogi can sama da safe, shi suke jira.

Rana ta take tsaka sai ga ta. Mace ce, da jar riga, tana tafe nesa da gaɓa inda ruwa ke da ƙarfi. Kowa ya sunkuyar da kai. Eulogia ta naɗe bakin siket ɗinta, ta ɗaure kan igiya ɗaya a ƙugunta, ta jefar da sauran a kan yashi gaban jama'a, ta shiga ruwa. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙirji, ya ɗauke ƙafarta. Ta yi iyo irin na tsofaffi har ta cafki jar rigar, ta rungume gawar da hannu biyu. Daga nan ba ta da hannun iyo. Ruwa ya fara tafiya da su, igiyar tana warwarewa a kan yashi, tana jan ciki za ta shige kogi.

Nicanor ne ya taka igiyar da ƙafa.

Bindiga ta juyo kansa. Ya sunkuya ya naɗe igiyar a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ban taɓa gawa ba. Mahaukaciyar comadre tawa nake ja, kuma da ranta. Abin da ta riƙe kuwa, ku tambaye ta."

Ruwa ya fi ƙarfinsa, ya fara jan shi. Matarsa ta kama ƙugunsa. Mai shago ya kama igiya, sai malamin makaranta, sai matan zumunta da fararen kayansu na Lahadi. Kafin Kwamanda ya miƙe, duk San Roque na kan igiyar shanya. Ko dai ya harbe gari gaba ɗaya da tsakar rana, ko ya bari. Ya tsaya yana kallo har aka jawo su kan yashi, Eulogia tana aman ruwa, hannunta bai saki jar rigar ba.

Ba su tafi haka nan ba. Sun cinna wa kwalekwalen Nicanor wuta, sun fasa masa baki da gindin bindiga. Har ya mutu yana yi wa Eulogia gorin haƙoransa biyu, ita kuma tana ce masa da ma ruɓaɓɓu ne.

Da yamma aka binne mai jar rigar, maza suna karɓa-karɓar shebur. Eulogia tana rawar sanyi cikin bargo, amma ba ta yarda wani ya ja addu'ar ba. Gorunan mashaya kuwa, matan gari suka kwashe suka yi dangar kaji da su.